Tsallaken Zare

Shekara ashirin da shida ƙafata ta dama
tana taka keke a Kasuwar Bacci,
ban taɓa tsayawa na dube ta ba.
Wa ke duban ƙafa, muddin tana zuwa inda aka aike ta?

Sai da damina ta zauna daram a Tudun Wada,
ruwa ya shiga takalmi ya ƙi fita.
Farcen babban yatsa ya yi kauri, ya yi rawaya,
yana marmashewa kamar tsohon sabulu,
tsakanin yatsu kuwa ƙaiƙayi
irin mai sa dattijo ya manta girmansa a cikin sahu.

Ɗanjuma mai kemis bai tambaye ni komai ba.
Ni ma ban ce masa ina shan na hawan jini ba,
ban ce masa ga na zazzaɓi a aljihuna ba.
Ya ƙirgo ƙwayoyi a ƙaramar leda:
ɗaya kullum, Baba, har farce ya sake.
Har ragi ya yi mini.

Kwana tara, lafiya lau.
Ran na goma, ina kan wuyan kaftani,
sai shago ya karkata.
Yadudduka suka zubo daga kanta ba tare da sun faɗo ba,
almakashi ya zama biyu,
na dafa tebur, ashe teburin ma tafiya yake.
Na san jirin azumi, na san na yunwa.
Wannan baƙo ne.

Sannan ƙirjina.
Duk tela ya san keke in ya fara tsallaken zare:
ɗinki, ɗinki, ɗinki,
sai gurbi,
sai ya ruga a guje, wai zai cike abin da ya bari.
Haka zuciyata ta yi mini.
Ta tsaya cak kamar mai jiran a amsa sallama,
sannan ta zabura.

Yarona Ɗayyabu ya ce iska ce.
Mai guga na gefena ya ce tunanin kuɗin haya ne.
Lantana ba ta ce uffan ba.
Ta kwashe duk maganin da ke gidan ta zuba a jaka,
ta tsai da adaidaita,
ta ce, asibitin Dutse.

Suka manna mini wayoyi kamar rediyo a hannun mai gyara.
Takarda ta zararo, doguwa, siririya.
Na leƙa tun kafin likita,
ai duba layi sana'ata ce.
Ɗinkin ɗan koyo na gani:
nan ya matse, can ya yi tazara.
Da a shagona ne, da na sa an farke.

Likita ta juye jakar Lantana a kan tebur.
Ta ɗaga na farce, ta ɗaga na zazzaɓi,
ta ce a jikin wasu waɗannan ba sa ga maciji.
Ta ce na farcen yakan jinkirta zuciya
tsakanin bugu da bugu,
ba ga kowa ba, amma ga ni.
Ta ce, da ka ƙara kwana uku...
Ba ta ƙarasa ba.
Ni ma ban nemi jin ƙarshen ba.

Dare biyu na kwana ina sauraron na'ura
tana ƙirga mini abin da ban taɓa ƙirgawa ba,
kyautar da ake ba ni dare da rana
ban ko ce na gode ba.

Yanzu man shafawa ne, safe da yamma.
Farcen yana nan da muninsa,
sabo na turo shi a hankali, ba ya gaggawa,
ni ma na daina yi masa.
Na wuce ta gaban Ɗanjuma, mun gaisa,
na faɗa masa, ya sunkuyar da kai,
laifin dai mun raba shi biyu kamar yadi.

Na koma kan keke.
Wani lokaci ƙafata takan tsaya a tsakiyar ɗinki,
in ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna.
Ɗayyabu yana zaton awon wani na manta.
Ba na gyara masa.
Ina dai sauraro
har sai na ji layi ya miƙe,
sannan in taka.