Bakin Tiya

Madam Barira ta dire min rajista goma sha ɗaya,
sunayen manoman gyaɗa daga Tibiri har Madarunfa.
Ta ce, "Tsalha, mutum ɗaya na karɓar taki sau uku,
don magatakarda uku sun rubuta shi iri uku.
Tace min su kafin Juma'a."

Na kunna na'ura, na fara saƙa rariyar haruffa:
M, sai a, ko o, ko u,
sai h, in ta ga dama ta zo,
sai tauraro mai cewa a maimaita har a gaji.
Mahamadu ya faɗo ciki. Mamman ya biyo shi.
Mahaman, Mamane, da Mouhamadou mai kwat ɗin Faransa,
duk suka taru a ƙwarya ɗaya.
Na yi dariya ni kaɗai a biro.

Daɗi ya ja ni.
Na ƙara Isufu da Yusufa, na ƙara ɗan wane jikan wane,
baka cikin baka cikin baka,
kamar ƙore cikin ƙwarya cikin masaki.
A ta ɗari biyu da hamsin da ɗaya na'ura ta cije,
ta ce zurfin ya isa haka.

Na rage zurfi, na ƙara faɗi,
na zuba mata ƙauyukan bakin gulbi kaf.
Ta ce, "Rumbuna dubu sittin da biyar yake ci, da ƴar ɗoriya.
Bayan wannan ko ƙwaya ba ta shiga."

Laraba da dare kuma ta gamu da wani layi
inda barci ya kwashe mai bugawa, yatsa a kan harafi:
Maaaaaaaaaaaaaaaaaaaa, babu ƙarshe, babu sunan uba.
Rariyata ta shiga, ta fito, ta koma,
kamar jar akuya mai neman ɗanta a lungunan Mokoyo,
ta leƙa gidan da ta riga ta leƙa,
ta sake leƙawa ta wata ƙofa.
Taki miliyan goma, sannan ta durƙusa:
"Ban ce akwai ba, ban ce babu ba.
Nan ƙafata ta tsaya."

Na zage ta. Kuran ma ya ɗauke, kamar ya ji.

A teburin mai shayi na tuna Baba Nomau,
mai awon gero a babbar kasuwa,
da tiyarsa mai lotsawa a gindi.
Ina yaro na ce ya sayi babba, ya huta.
Bai ɗago kai ba.
"Tiyar da ba ta da baki ai ba awo take ba, rami ce.
Mai son buhu ya ƙirga arba'in."
Ya shafe tozon da hannu, ya juye, ya ce, "Ɗaya."

Da wannan aba ba ta san ta ce na cika ba,
da har yanzu tana cikin Maaaa ɗin nan,
damina ta wuce, taki na jira a sito.

Alhamis na yanka rariyata goma sha bakwai,
kowace da ɗan aikinta, babu mai nishi.
Juma'a kafin kiran farko na miƙa takarda.

Litinin sai ga tsofaffi biyu a bakin ƙofa,
ɗaya dogo, ɗaya na dogara sanda.
Mahamadu Ɗan Jimo, da Mahamadu Ɗan Jimo,
gari ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya, buhu ɗaya a takardata.
Dogon ya ce, "Yaro, mu biyu ne tun muna kiwo."

Na duba littafin da ya jera iyakokin rariya,
lamba bayan lamba, har shafin ƙarshe.
Wannan ba a rubuta ta ba.
Na jawo musu benci, na ɗauko alƙalami.