Mai Awon Azurfa a Ishbiliya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune a bakin sikeli,
ni Baltasar, mutumin Utrera.
Ido ya dushe, amma yatsu ba su manta nauyi ba.
Jirage na shigowa ta Wadil Kabir
da ƙyar, kamar saniyar da haihuwa ta kusa,
su sauke azurfar Potosi a gabana, sanda bayan sanda.
In aza, in duba, in rubuta.
Ba a taɓa kama ni da tauye awo ba.

Ga abin da ke hana ni barci.
Shekarar da na auri Mensiya
tsabar azurfa ɗaya kan ɗauko burodi goma sha biyu,
har a yi mata gyara da zaitun.
Jiya ta dawo daga kasuwar Triyana
da guda bakwai a kwando,
ta dire su a gabana, ba ta ce uffan ba.
Tsabar ita ce dai. Da hannuna na auna ta,
ko nauyin ƙwayar sha'ir ba ta rage ba.
To wa ya ci biyar ɗin?

Na tambayi Fada Anselmo a bayan coci.
Ya ce, darajar abu guminsa ce.
Lissafa manomi da mai niƙa da mai gashi da itacen tanderu,
abin da ya haura wannan zalunci ne.
Na ce, Allah ya gafarta malam, in gumi ne farashi,
waɗanda ke haƙo farin ƙarfen nan a cikin dutse,
suna tofar da jini tun gemu bai cika ba,
ai da sun saye garin nan har da ƙararrawarsa.
Ya daɗe yana duban takalminsa.

Wani ɗalibi daga Salamanka, siriri, da tawada a haɓa,
ya ce, baba, kuɗi ma haja ne.
Ranar da kifi ya cika kwale-kwale
wa ke taya shi da ladabi?
Burodi bai hau ba, tsabarka ce ta sauko,
abin da ya yi yawa ba ya tsare girmansa.
Maganar ta zauna mini,
amma kamar romo ce ba nama.

Wanda ya ƙarasa mini ita ko sunansa bai iya rubutawa ba.
Inyigo, matuƙin jirgi, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa.
Iska ta ɗauke musu a tsakiyar teku
har gangunan ruwa suka koma ganguna kawai.
Ya ce, mun kwana a kan akwatunan da za su sayi sarauta,
harshe ya bushe a baki kamar ƙirgi.
Wani attajiri ya miƙa sanda guda cur
don ruwan sama da yaron jirgi ya tara a hularsa,
bai fi kurɓi uku ba.
Yaron ya dubi attajiri, ya dubi sanda,
ya kafa kai ya shanye.

Ni fa nauyin sandar nan na san shi,
wataƙila ma ta biyo ta sikelina daga baya,
na rubuta ta daidai da 'yan uwanta.
Allurar ba ta karkata ba don an taɓa ƙin ta.
Sikeli nauyi yake faɗa.
Ƙishi ba ya hawa faranti, balle tsoron gobe.

Gobe ma jirgi zai iso, an ce uku ne.
Za a buga ƙararrawa, gari ya yi murna.
Zan goge duwatsun awo da gefen rigata,
Mensiya kuma ta wasa wuƙa,
don yankan burodin sai ƙara sirancewa yake,
har ina hango fitila ta cikinsa.