Sisi

Sati biyu kawai, in ji Mista Ackroyd
ana tura shi cikin motar asibiti,
ƙugu a karye, hannu na rawa.
Ya danƙa mini makulli da jar igiya.
Ban ce to ba, ban ce a'a ba.
Shi ne ya nuna mini ranar fitar da shara
shekarar da na sauka Huddersfield
da akwati ɗaya da rigar da ba ta tare sanyi.

Ni da na tashi a Gumel,
inda iyakar kare ƙofar gida da gindin teburin mahauta,
yau ga ni da guntun abu fari,
kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe,
bai kai tulu tsayi ba,
amma in ya yi haushi
sai ka rantse bashi yake bin unguwa.
Sunansa, wai, na wani tsohon kuɗin Ingila ne.
Na ce ai mu ma kakanninmu sun kashe shi.
Na sa masa Sisi.

Muka zauna muka yi sharaɗi:
kicin naka, tsakar gida taka,
ɗakin da dardumata take
ko inuwarka kada ta leƙa.
Ya karkata kai ya saurara kamar alƙali.
Washegari ya cinye mini takalmi, na ƙafar hagu.

Ƙarfe bakwai nake dawowa daga aikin dare,
ido kamar an zuba yashi,
shi kuwa yana tashi sama yana dira,
gugguru a kasko.
Ba barci sai mun je bakin kogin Colne
cikin ruwan nan nasu
da bai iya zuba ba, bai iya ɗaukewa ba.
Wanda ya gan mu zai ce ni nake jan sa.
Kurege ya haye bishiya, Sisi ya tsaya a gindi
yana zazzaga masa rashin mutunci.
An ce kakanninsa ramin yanyawa ake tura su.
Na yarda. Na ga abin da ya yi wa lambuna.
Ran nan ɓera ya dire a ƙafata
ya ja da baya yana jiran tukuici.

Leda a aljihu, in sunkuya in kwashe bayansa.
In koma gida in wanke hannu sau bakwai,
na farkon da ƙasar tukunyar fure.
Inna ta ji haushi a waya ta ce, na wa ne wannan?
Na ce na maƙwabci ne.
Ban yi ƙarya ba.

Sati biyu ya zama wata bakwai.
Duk Lahadi mu hau bas zuwa gidan tsofaffi.
Can ne kaɗai na taɓa ganin Sisi a zaune:
a cinyar tsohon, shiru,
kamar an zare masa batir,
yatsu na bin kunnen nan lanƙwasasshe.

Sai wata Lahadi ba mu je ba.

'Yarsa ta zo daga Leeds da motar kaya,
ta kwashe labule, ta kwashe agogon bango.
Ta ce akwai gidan da ke karɓar irinsu.
Na ce bari dai a ga ƙarshen mako.
Yau shekara biyu ke nan.

Da asuba in na tayar da sallah
yakan zo ya kwanta a bakin ƙofa,
hanci daidai kan iyaka, bai taɓa ƙetarewa ba.
Ina jin numfashinsa a bayana.
Ina yin sallama
wutsiya ta fara dukan katako.