Rigar Ramlatu

Shekara goma sha tara ina bisa keke a Ƙofar Ƙaura,
awo bai taɓa ba ni kunya ba
sai naki.

Tun cikin yana wata biyar na ɗinka miki riga,
na ɓoye ta ƙarƙashin atamfofin mutane,
don kakarki ta ce ba a riga Allah.

Sai ƙafafun Zinaru suka kumbura.
Takalmi ya ƙi ta,
zobe ya nutse a yatsa har sai da maƙeri ya yanke shi.
Likita ya auna jininta, ya sake aunawa,
bai dube ni ba.

Daren Laraba jijjiga ta kama ta.
Na sa hannu a takardar da ban karanta ba.

Suka ce bakwaini.
Mudun gero ya fi ki nauyi.
Ga ki cikin kwalba, roba a hanci,
ƙirji na hawa da sauka kamar na ɗan tsako,
ni ina bayan gilashi
ina roƙon kada a ɗauke wuta.

Uwarki ta farfaɗo ran Juma'a.
Ba ta nemi ruwa ba,
cewa ta yi, "Tana numfashi?"

Ranar suna aka yanka rago,
ke ba ki gida.

Jiya na auna ki da ido,
na koma shago na yanko ƙyalle tafin hannu guda.
Babbar rigar kuwa na linke ta,
ban rage ko kabu ɗaya ba.

Ki cika ta, Ramlatu.
Ba sauri nake ba.