Aron Iri

A bayan Ƙofar Gayan, inda kwata ta yi kwana,
akwai zauren da ba shi da allo, ba shi da suna.
Ran Asabar in an idar da La'asar
za ka ga takalma sun taru a bakin ƙofa,
na roba, na fata, da wani guda marar ɗan'uwa.

Inna Ladingo ce a tsakiya,
kwalabe sun kewaye ta kamar jikoki:
wannan kaura, wannan farafara,
wannan waken da kakarta ta zo da shi daga Giwa
ƙulle a bakin zane.
Ta barbaɗe su da toka kar ƙwari su yi biki.
Ba ta sayarwa. Aro take bayarwa.
Tiya guda ka ɗauka da bazara,
tiya da rabi ka mayar da kaka,
Tanimu ɗan makaranta ya rubuta a littafi
da bironsa mai ɗauke numfashi.

Ni shekara goma sha tara na yi
ina jan motar kamfani,
buhunan iri da aka rina ja kamar lalle,
in sauke a Sabon Gari, in karɓi takarda.
Iri ne mai kyau, ban musa ba:
bana ya cika maka rumbu,
baɗi ka shuka 'ya'yansa su yi maka kunnen ƙashi.
Sai ka koma shago. Sai ka sake komawa shago.
Taki a gaba, magani a baya,
baƙon da ba ya zuwa sai da 'yan rakiya.

Da na ajiye makulli na karɓi aro,
jar masara 'yar gida,
mai ƙananan haƙora, mai daɗin gashi.
Na kai ta fadamar Galma na binne
da takin tumaki da na juji.
Ta fito. Ta yi goyo. Ta yi gemu.
Sai ruwan Agusta ya kwana uku yana zuba,
kogi ya tashi tsakar dare ya yi mini girbi.

Asabar huɗu ban taka zauren ba.
In na hango Tanimu sai in faɗa lungu.
Kwalbar ƙarshe ce, na sani,
na ga gindinta ranar da aka auna mini.
Da wane baki? Irin da ya haye yunwa biyu
ya zo ya mutu a hannun direba.

Ita ta aiko. Na shiga a sunkuye.
Ana ta musu kan daddawa da dunƙule,
Uwani na cewa jikarta ta ƙi miyar kuka,
wai wari,
sai da ta ga tukunya za ta ƙare ta miƙo kwano.
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Inna ta ce, "Kai Ɗanjuma, matso."
Ta yafito Shekarau na Dakace,
ya kwance bakin buhu:
jar masara, mai ƙananan haƙora.
"Shekara uku ke nan da ya ara," in ji ta.
"Akwai a Wusasa, wajen matar fasto.
Akwai a Bomo.
Kai kana zaton a kwalba nake ajiyarsa?
Kwalba masauki ce.
A hannun mutane yake kwana."

Ta sake auna mini, ta tula har ya zube.
Tanimu ya girgiza biro, biro ya ƙi.
Ta ce, "Bar shi. Na gan shi, ya gan ni."

Bana a tudu na shuka.
Jiya na gasa kaɗan a bakin titin Kwangila,
wani yaro ya gatsa, ya tsaya da tauna,
ya ce, "Baba, wace irin masara ce wannan?"
Na ce masa, zo ran Asabar.
Ka cire takalmi a bakin ƙofa.