Kan Inji Na Uku

A garejinmu na bayan tashar Jega
Oga Nomau ya jera kawunan inji uku a kan buhu,
duk daga shagon Ikenna.
Na farko ya aza masa rula, haske ya leƙo ta ƙasa:
ya taɓa tafasa, a mayar.
Na biyu ya zuba wa fetur a gurbin bawul,
kafin mu ƙirga goma ya tsiyaye.
Na uku ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara kunne,
sai ya laluba aljihu.

Ni ya miƙa wa giranda.
Hannuna na rawa, don bara na ci wani
har ruwa ya ɓullo ta hanyar iska.
Da shi muke tokare ƙofa har yau.

Ya ce, Sahabi, ka taɓa ban ruwa a fadama?
In lambatu ya cika faɗi, ruwa kwanciya yake.
Kada ka ƙara wa iska ɗaki,
goge mata inda take tuntuɓe kawai.

Kwana huɗu ina ci kaɗan-kaɗan,
garin alminiyam a gira, a hanci, har cikin shayi,
yatsa na gani inda ido bai kai ba.

Ran Talata muka hau titin Aliero.
A giya ta uku injin ya ja numfashi
irin na wanda mura ta saka.
Oga ya sauke gilas, warin albasa ya shigo,
ya ce ramin ƙarshe ya fi 'yan'uwansa haɗama.
Na sani. Nan ne na yi atishawa.