Kusa ta Huɗu

Damina uku jirgin Baba yana kwance a gaɓar Gamkalle,
hanci cikin laka, gindi cikin ruwa,
kamar tsohon sa da ya ƙi tashi.
Kainuwa ta ɗaura masa zane.
Ni ina can Agadas, ina tuƙa motar wani.

Da na dawo, ba hudar cikinsa ce ta hana ni barci ba.
Murfin ƙarfen nan ne, ƙarƙashin mazaunin matuƙi,
wanda tun ina ƙarami ban taɓa leƙa bayansa ba.
Kusoshi huɗu ke riƙe da shi.
Tsatsa ta ɗinke bakinsu,
jawur, kamar haƙoran wanda ya tsufa da goro.

Na kafa kile, na danna da ƙarfin ƙuruciya.
Kile ya zame, ya tafi da fatar yatsuna biyu.
Kogi ya sha jinin bai ko gode ba.

Tsoho Gazibo mai ɗinkin taru
bai ɗago ido daga zarensa ba, ya ce:
"Ɗan Tanimu, ƙarfe ba jaki ba ne.
Shekara uku yana shan ruwa shi kaɗai,
kai kana so ya amsa maka kafin azahar?
Ba shi abin jiƙa maƙoshi, ka tafi gida."

Na ɗiga musu gazuwal da man birki,
na tafi.
Da hantsi na dawo, na ƙwanƙwasa da guduma,
a hankali, irin sallamar mai neman bashi.
Ta farko ta yi tsaki, ta yi kuka, ta juya.

Ta biyu sai da ta ga wuta.
Na aro garwashin mai shayi, na hura har ta yi ja,
na watsa mata kogi a fuska.
Ta saki.

"Ɗaure kaɗan kafin ka kwance," in ji Gazibo.
"Abin da ya daɗe tsaye,
sai ya taka gaba yake tuna hanyar baya."
Haka ta uku ta fito,
tana zubar da jan gari a tafin hannuna.

Ta huɗu ta ƙi.

Jiragen kabewa suka zo, suka sauke a gindin gada, suka koma.
Mata suka wanke, suka shanya, suka kwashe.
Dorina ta yi atishawa can tsallake.
Kwana biyar ina ba ta mai, ina ba ta wuta.
Na zage ta. Na ba ta haƙuri.
Na san wannan wuyan:
ranar da na ce ni kwalta nake so, ba ruwa ba,
haka ya zauna, daidai nan, yana kallon Harobanda,
bai waiwayo ba har na hau tudu.

Rana ta shida kanta ya ɓalle, ya biyo kile.
Jikinta ya zauna inda yake.

Murfin ya ɗaga da nishi.
Warin ruwan da ya manta da rana ya buge ni.
Babu kuɗin da ƙannena ke ƙirgawa ta waya.
Ruɓaɓɓiyar igiya. Tocila marar ido.
Sai gwangwanin tumatir, an ɗaure bakinsa da leda,
an sake ɗaurewa.

Ciki maiko ne, baƙi, har wuya.
Na tsoma yatsan da bai warke ba,
na ji su a kwance:
sababbin kusoshi, huɗu cif,
ko ɗigon ja babu a jikinsu.

Gazibo ya ciji zare, ya tofar.
Bai tambaye ni me na samu ba.

Uku na ɗaura, na shafe su da maikonsa.
Ramin na huɗu da mai shi a ciki.
Sabuwar tana aljihuna,
tana ɓata mini riga.